Gaisuwar da Ta Ƙona Mini Turbo

Taubashina bai taɓa ɗaure noti ɗaya ba tun da uwarsa ta haife shi. Ka miƙa masa sifana, sai ya riƙe ta da yatsu biyu yana duban rigarsa. Amma je ka Talata Mafara ka zauna a majalisarsu ta bakin shagonsa na taki, ka ji shi yana zancen injin mota, wallahi sai ka ɗauka shi ya ƙera ta. Ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka tun muna yara muke zagin juna ba mai shiga tsakani, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Shi har yau wasa yake yi. Ni nawa zagin ya daɗe da daina zama wasa.

A Bakura nake zaune, sana'ata gyaran injin ban ruwa. Gidanmu gidan karatu ne. Baba malami ne, yayyena biyu suna zaure tare da shi suna biya wa mutane littattafai, ni kaɗai na fito da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Baba bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata yadda aikin yake ba, kuma wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makanikan mota na Mafara, musamman babbansu, wani mai tumbi da ke da gareji kusa da tasha. A wurinsu mai gyaran injin ban ruwa ba bakanike ba ne, manomi ne da ya tsinci sifana. Alhali shi ilminsa duka bai wuce ya cire tsohon abu ya aika Gusau a sayo sabo ba. Wata rana na je garejinsa aron wani ƙarfe, na tarar suna ta fama da wata mota da ke mutuwa in ta yi zafi. Daga jin kukanta na san mai ne ke yanke mata, na kuwa faɗa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Malam," in ji shi, "nan ba hwadama ba ta. In mun samu mota mai jan ruwa, mu aiko a kira ka."

Aka kwashe da dariya, har da mai sayar da rake. Kwana biyu suka ƙara a kan motar kafin su gano abin da na faɗa musu a tsaye, kuma babu wanda ya tuna wa ya faɗa. Daga ranar na ƙudura abu ɗaya: sai na yi aikin da zai sa mutumin nan ya yarda da ni da bakinsa, a gaban mutanensa. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A shekarun nan, kafin hanyoyi su zama abin da suka zama, masu motoci na da wata al'ada bayan an yanke shinkafar rani. Akwai wata hanyar jar ƙasa mai faɗi da ta bi gefen babbar magudanar ruwa, sai a tare ta ranar da aka sa, a yi tsere. 'Yan Mafara su zo, 'yan Maradun su zo, mu 'yan Bakura galibi kallo ke kai mu. Ana tashi daga gada a nufi wata tsamiya, a tsaya can har a kore dabbobi da masu babura daga hanya, sannan a dawo. Na dawowa shi ne tseren gaske, don mutane duk a gada suke. Wanda ya ci ya samu rago da bakin magana na shekara guda.

Taubashina ya gaji wata tsohuwar mota daga mahaifinsa, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna da can, ƙarfe zalla, ta girme shi ta girme ni. Shekara biyu yana shiga tseren da ita yana zuwa na ƙarshe, yana cewa taya ce, yana cewa fetur ne. A ta uku ya zo rumfata, ya tsaya nesa da baƙin mai.

"Bawana," ya ce, "so nika ka sa ma motag ga abin nan da ka yin hito."

"Wane abu?"

"Turbo mana. Ko ba ka iyawa?"

Ko amfaninsa bai sani ba, fiton kawai ya ji a waya ya burge shi. Ya fara kai wa mai tumbi, shi kuma ya ce injin fetur mai kafireta, wato abin da ke gauraya mai da iska, ba ya ɗaukar turbo, wanda duk ya ce zai iya maƙaryaci ne. Jin haka ya sa na karɓi aikin, ba don taubashina ba.

Turbo ba wani sihiri ba ne. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin da zafinsa ya juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa wa injin iska, kamar zugazugin maƙeri. Iska ta ƙaru, ka ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Wahalar ita ce tsohon injin da bai saba ba, in ka matsa masa narkewa zai yi. Na je Maradun wurin 'yan gwangwan na samo turbo biyu daga matattun akori-kura masu shan gas, ɗaya da sauran rai, ɗaya mushe, na ɗauko shi don kayan ciki. Na jiƙa su a kananzir kwana uku. Na ninka gasket, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin, don matsin ya ragu, na ja taimin baya, wato na jinkirta kamawar wuta, na faɗaɗa hancin kafireta kaɗan-kaɗan da siririn ƙarfe, ina gwadawa ina duba launin filogi. Bututun hayaƙi daga fayif ɗin rijiyar burtsatse na yanko shi, sau uku ina sa mai walda yana warwarewa, har ya ce in ba don yana jin nauyin Baba ba da ya kore ni. Hanyar baƙin mai zuwa turbo na yi ta da bututun jan ƙarfe na tsohon firji. Lagireto kuwa, tukunyar ruwan sanyaya inji, na wata tarakta ce da ta mutu a gona, sai da na yanke gaban motar kafin ta zauna. Duk mahaɗa na bi ta da ruwan sabulu ina neman yoyo, don wanda ya shekara ashirin yana gyaran famfo ya san yoyo fiye da kowa. A gwajin farko na ƙona fistin ɗaya, na sauke injin na sake daga farko. Wata huɗu na yi, da rana ina sallamar manoma, da yamma ina kan motar.

Duk tsawon lokacin nan taubashina yakan zo ranar Juma'a ya ɗauki hoton injin, ya tura wa abokansa ya rubuta wai muna kan aiki. Muna! Shi da wa?

Ranar da ta tashi sosai, na hau da ita kan kwalta na taka. Da allurar gudu ta haura sai fiton ya fara, motar ta manna ni da kujera. Tsohuwar da babur ke wucewa ta zama wata aba dabam. Na tsaya a gefen hanya na daɗe ina dariya ni kaɗai.

Akwai doka ɗaya da turbo ke da ita, kuma na gaya wa taubashina ya fi sau goma. In ka yi gudu da shi, ba ka kashe mota nan take. Sandar nan da fankokin ke kai tana yin zafin da har ja take yi, baƙin mai da ke ratsawa shi ke sanyaya ta. Ka kashe injin, man ya daina gudu, wanda ya rage a ciki ya soye ya kama boris, wato ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa. Sai ka bar ta tana aiki a hankali, abin da muke ce wa silo, gwargwadon alwala da raka'a biyu, sannan ka kashe. Na buɗe musheen turbon nan na nuna masa. Cikinsa baƙi ƙirin, man ya bushe ya zama ƙanzo kamar gindin tukunyar da aka manta a kan wuta.

"Ka gani?" na ce. "Wani wawa irinka yay yi mai haka."

Ya ce ya ji. Bayan sati ɗaya muka fita gwaji wajen Morai, shi ke tuƙi, ya taka ta har na fara salati. Muna shiga gari ya hango wani attajirin shinkafa zaune a ƙofar gidansa. Ya taka birki, ya murɗe mabuɗi, ya fice yana gyara hula. Na miƙa hannu na tayar da ita nan take. Da ya dawo fuskarsa a murtuke.

"Kai wane irin mutum na? In tsaya gaida babba mota tana gurnani bisa kai nai? Ni ba ɗan iska ba na."

Gaskiya a nan yana da abin kamawa. Haka aka tashe mu duka. Ko babur kake kai, in ka iso gaban babba sai ka kashe ka sauka, ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Gaida mutum injin na kuka daidai yake da gaishe shi a tsaye hannu a aljihu. Ni ma haka nake yi. Amma ladabin taubashina ladabin ganin ido ne. Tsohon da ke gadin shagonsa ya haifi ubansa a shekaru, ban taɓa ganin ya rage gudu dominsa ba, balle ya kashe mota. Durƙusonsa na masu rawani ne da masu buhuna, kuma sai in da masu kallo. Na ce masa in dole ne sai ya gaisa, ya tsaya nesa ya bar ta a silo ya taka da ƙafa. Ya rantse da Allah ba zai sake ba.

Ranar tsere bazara ta kai bazara, iska ko motsi ba ta yi. Taubashina ya zo cikin farar shadda da baƙin tabarau da safar hannu, sai ka ce shi za a ɗaura wa aure. Motoci uku suka rage a zagayen ƙarshe: tamu, da wata ta Maradun, da wata 'yar Japan ta wani ɗan Mafara wadda mai tumbi ke kula da ita. Ka'ida ce kowace mota mutum biyu, don haka na zauna gefe ina kallon allurar zafi. Kafin a tashi mai tumbi ya zagayo da mutanensa, ya ƙwanƙwasa bonet da yatsa.

"Mai hwadama, gudu za ta yi ko ruwa za ta hiddo muna?"

Na ce masa ya jira mu dawo, zan buɗe masa da hannuna.

Aka ɗaga tuta. 'Yar Japan ta riga mu tashi, don tsohuwa sai ta ɗan ja numfashi. Daga nan fiton ya shigo. Mun wuce ta kamar tana tsaye, na ga bakin direbanta a buɗe. Ta Maradun ko a madubi ban gan ta ba. Taubashina na ta ihu yana dukan sitiyari, shi a dole gwani, alhali aikinsa kawai ya riƙe ta kada ta faɗa ruwa. Muka isa tsamiya mu kaɗai. Ta ramin da na huda a bonet don iska, ina hango bayan turbo ya yi ja.

Sai ga Baba a gindin tsamiyar.

Ba kallo ya zo ba, Baba bai san ma ana yin wani abu wai shi tsere ba. Ta'aziyya suka je Dakko shi da dattawa uku abokan karatunsa, a kan hanyar dawowa aka tare motar da ta ɗauko su, suka shimfiɗa darduma a inuwa suna jiran a buɗe hanya. Gefensu kuma cike da masu babura da mata masu komawa ƙauye, duk an tsayar da su. Dattawa huɗu masu rawani, ga taron 'yan kallo. Na san abin da zai faru tun kafin ya faru.

"Kak ka kashe," na ce.

Ya kai ta har gaban dardumar, ya murɗe mabuɗin, ya zare shi ya jefa a aljihun shadda, ya fita. Ya tuna Morai ke nan, ya yi maganin hannuna.

Me zan yi? Ubana na zaune yana kallona ta gilashi. Na fito na tuɓe takalmi na durƙusa kusa da taubashina.

"Allah shi gahwarta Malam. Kawu, an wuni lahiya?" in ji taubashina.

"Lahiya lau. Ku na cikin motag ga?"

"Mu na, Kawu. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ƙaƙa zahi?"

"Zahi lokaci nai na."

"Ƙaƙa ƙarin haƙuri? Ashe rashi anka yi. Allah shi jiƙan musulmi."

A bayana ina jin motar tana ƙas, ƙas, ƙas, ƙarfe na saki. Wannan ƙarar duk bakanike ya san ta. A minti na farko da an tayar da ita da an tsira. Na matsa na taɓa shi da gwiwar hannu, na ce a hankali, "Mabuɗi." Ya yi kunnen uwar shegu. Ya gama da Baba ya juya kan dattijo na biyu ya ɗauko daga farko, gajiya, zafi, iyali, haƙuri. Ya koma na uku. Na huɗun ma bai san shi ba, amma sai da ya tambaye shi gida da almajirai da ƙafar da ya ga yana miƙewa. Mutumin da ke wuce gwaggona, uwarsa, da "an kwana" ɗaya yana danna waya, yau shi ne ke jan gaisuwa kamar ana biyansa. Murya a sama, don na bayan taro su ji.

Baba ya lura ina mutsu-mutsu. Ya dube ni.

"Lahiya?"

Nan ne wurin. Na sha komawa wurin nan a raina. Da na ce, Baba, a yi mini izini in tayar da mota, zafi zai lalata ta, da ya ce je ka, don ba mutum ne mai tsanani ba. Bakina ya buɗe. Daidai lokacin ta Maradun ta iso, direbanta ya tsaya can gefe ya bar injinsa na aiki, ya ɗago hannu daga cikin mota. Ɗaya daga cikin dattawan ya girgiza kai.

"Dubi wancan, ko kashe ta bai yi ba. Malam, kai dai ka gode ma Allah. Ɗiyan gidanka daban su ka."

Na ga fuskar Baba. Mutum ne da ba ya nuna jin daɗi, amma na san shi, gemunsa ya ɗan motsa. A gaban abokansa aka yabi tarbiyyar gidansa, kuma har da ni a ciki, ni mai baƙin farce.

"Lahiya lau, Baba," na ce.

Kamar hakan bai isa ba, taubashina ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a sa muna albarka." Baba ya ɗaga hannu, dattawa suka ɗaga, taro duka ya ɗaga. Baba in ya fara addu'a ba ya gaggawa. Ya roƙa wa mamacin Dakko, ya roƙa wa iyaye, ya roƙi damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasa, ya roƙa mana tsari daga sharrin ƙarfe. Hannuwana a sama, ina cewa amin, warin soyayyen mai na shigar mini hanci. Ban taɓa jin baƙin ciki a tsakiyar addu'a ba sai ranar, Allah ya yafe mini.

Muna shafawa aka ɗaga tutar komawa. Na ce masa ya tayar ya ba ta ko minti ɗaya mai ya zagaya. Ina! Ya ga 'yar Japan ta daidaita, ya tayar ya taka totur har ƙasa, a gaban mutanen da yake so su gani. Duk da haka tsohuwar ta yi mini halacci. Ta sake wuce su, muka kai rabin hanya muna gaba. Sai fiton ya canza ya koma ƙara irin ta ƙarfe a kan dutsen wasa wuƙa. Motar ta yi nauyi. Na waiwaya na ga shuɗin hayaƙi ya rufe hanya. 'Yar Japan ta fito daga cikinsa ta wuce, ta Maradun ta bi ta. Mu muka iso gada da rarrafe, muna tari, mutane na kaucewa suna toshe hanci.

Kafin in buɗe ƙofa taubashina ya riga ya fita, ya cire tabarau yana karkaɗe shadda.

"Na hwaɗa mai! Tun hwarko na ce haɗin ga ba ya ɗorewa!"

Mai tumbi dariya har da riƙe ciki. Bai ma nemi in buɗe bonet ba. Na tsaya ina kallon taubashina, shi kuwa ko'ina yana kallo ban da inda nake. Da a nan na yi magana, da kafin magariba zancen ya isa Bakura cewa ɗan Malam ya ce gaida ubansa da addu'ar ubansa su suka kashe mota. Ba wanda zai tsaya jin bayanin boris da baƙin mai. Na haɗiye, aka jawo motar zuwa rumfata.

Washegari bayan la'asar Baba ya aiko kirana. Na tarar an tashi karatu, zauren ba kowa sai shi da taubashina, wanda ya zo da lemo a leda wai ya zo ban gajiya. Ya naɗe ƙafa ya sunkuyar da kai, salihi na Allah.

"An ce motad da kunka shiga ta lalace," in ji Baba. "Mi yas same ta? Na gan ta lahiya lau sa'adda kunka tsaya wurinmu."

Na dubi taubashina. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce Kawu, ni na yi kuskure, ba sai ya faɗi wane iri ba. Ya ci gaba da kallon tabarma kamar an rubuta masa wani abu a kai.

"Aikina na bai yi ba, Baba," na ce.

Baba ya gyara zama. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"To. Ba aibi ba na mutum shi san iyaka tai. Allah ya ba ka injin ruwa, mutane suna yabawa, ka riƙe shi. Kayan ɗan'uwanka kuwa amana ta. Ka ɗauka ka kai ma waɗanda sunka iya, su gyara mai." Ya juya ga taubashina. "Kai kuma ka yi haƙuri da shi. Jiya kun hwaranta man rai, ku biyun."

"Ba komi, Kawu," in ji taubashina. "Ai ɗan'uwana na."

Shi ne ma ya yafe mini.

Umarnin Baba ba a ajiye shi ya kwana biyu. Da safe na nemi akori-kurar wani manomi, na ɗaura igiya, na zauna a cikin tsohuwar ina riƙe sitiyari aka ja ni har Mafara. Muka shiga garejin mai tumbi mutanensa na tafi. Taubashina ya riga mu isa, yana gefe yana waya.

Mai tumbi ya ɗaga bonet yana shirin wata dariyar, sai na ga ta tsaya masa. Ya daɗe yana kallo. Ya bi bututun hayaƙin da yatsa, ya duba waldar, ya bi hanyar mai tun daga inda na ɗauko ta har inda ta koma. Ya leƙa yadda na zaunar da kafireta. Ya karɓi sifana ya kwance turbon da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wata mota ba, ya kai shi kan benci ya buɗe. Sandar ta yi shuɗi, boris ya kama, man ya soye ya toshe hanya. Ko wanda ya yi wata shida a gareji ya san abin da ke jawo wannan. Ya kankare baƙin da farce ya murza a yatsu, ya matso kusa da ni yadda ba mai ji.

"Aikin ga ya yi," ya ce. "Wa yak kashe ta da zahi?"

Ya dubi taubashina can yana dariya a waya, ya dawo da ido kaina, ya gyaɗa kai. Ya gane sarai. Na ce a raina yanzu zai juya ya faɗa musu.

Ya ɗauki tsumma ya goge sandar tas, ya jefa ta cikin bokitin kananzir. Sannan ya juya ga mutanensa ya ɗaga murya.

"Ku zo ku ga ɓarna! Haɗin na bai yi ba tun daga tushe. Ku kwance shi duka, amma a hankali, kowane ƙarhe ku aje man shi yadda yake. Kak ku yar da komi."

Na kwance igiyata na naɗe. Suna ta kwance aikin wata huɗu, shi kuma yana tsaye a kansu da waya, yana ɗaukar hoton kowace mahaɗa kafin a taɓa ta.